Tarin Fuka a Ƙwaƙwalwa: Abin da Hoto ke Nunawa

'Yan'uwa, da yawa daga cikinmu mun ɗauka tarin fuka ciwon huhu ne kaɗai. Alhali ƙwayar cutar, wadda Robert Koch ya gano a 1882, takan bi jini ta isa ƙwaƙwalwa, ta haddasa sanƙarau ko ta kafa ƙulli a ciki. Alamunta su ne ciwon kai na makonni, zazzaɓi, amai, farfaɗiya, da rikicewar hankali. A gidajenmu na Jabal Awliya da Omdurman, sau da yawa mukan jingina irin wannan ga iskoki, har lokaci ya ƙure.

Na'urar CT, wadda aka fara ɗaukar hoton kan majinyaci da ita a Landan a 1971, tana nuna taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa. Ita kuwa MRI ta fi fito da ƙullin, wanda yakan bayyana kamar zobe. Sai dai hoto kaɗai ba ya yanke hukunci, domin ƙullin yakan yi kama da daji. Shi ya sa likita kan haɗa da gwajin ruwan ƙashin baya da hoton ƙirji.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya rufe asibitoci da dama a Khartum, ya katse wa majinyata shan magani. Maganin kuwa yakan kai wata 12, kuma katse shi haɗari ne. Don haka mu kai jarirai allurar BCG, mu gaggauta kai mai waɗannan alamu asibiti. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.