Yadda Za A Kiyaye Kayan Cikin Kwamfuta Daga Ɓarnar Kwantaccen Lantarki

An shirya wannan takarda domin hakimai da malamansu, da sauran ma'aikatan da ke riƙe da takardun gunduma. A yau ofisoshi da yawa sun koma ajiye wasiƙu, da lissafin kuɗi, da bayanin gonaki da filaye a cikin kwamfuta. Sau da yawa akan sayo kayanta dabam dabam a ba wani ya harhaɗa, gama yin haka ya fi sauƙin kuɗi. Wani lokaci kuma akan buɗe tsohuwa domin a ƙara mata wani abu, ko a fitar da ƙura. A daidai wannan lokaci ne ɓarna ta fi aukuwa. Abin da ke kawo ta kuwa ba a ganinsa da ido, ba a kuma jin motsinsa. Kuɗin da aka sayi kayan na jama'a ne, takardun da ke ciki kuma amana ce, sabo da haka ya kamata ko wane mai riƙe da ofis ya san wannan al'amari ko da ba shi ne zai sa hannu ga aikin ba.

Mene Ne Kwantaccen Lantarki?

Kowa ya taɓa tuɓe riga da dare a lokacin hunturu ya ji tana ƙara tas-tas, har ya ga ɗan tartsatsi cikin duhu. Akwai kuma wanda ya sauko daga mota, ya kama ƙofa, ya ji wani abu ya tsikare shi a yatsa. Wannan shi ne kwantaccen lantarki. An kira shi haka ne domin ba ya gudu cikin waya kamar wutar da ke kunna fitila; yakan taru a jikin mutum ko a kan wani abu ya kwanta, yana jiran hanyar fita. Yana samuwa ne sa'ad da abubuwa biyu suka gogi juna sa'an nan suka rabu, kamar tafin takalmi da darduma, ko riga da kujerar roba. Da zarar mai ɗauke da shi ya kusanci ƙarfe, sai ya tsallaka gaba ɗaya kafin ƙiftawar ido.

Sanin wannan abu ya daɗe. An ce wani masani Bagirike mai suna Thales, wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa, ya lura cewa akwai wani irin ƙaro da ya daskare ya zama kamar dutse, wanda in an goge shi sai ya riƙa jawo haki da gashin tsuntsu. A 1600 William Gilbert, likitan Sarauniyar Ingila, ya rubuta littafi inda ya nuna cewa abubuwa da yawa suna da wannan hali. A 1752 kuma Benjamin Franklin na Amurka ya nuna cewa walƙiya ma lantarki ce. Watau tartsatsin riga da walƙiyar damina 'yan gida ɗaya ne, girma kaɗai ya raba su.

Ana auna ƙarfin turin lantarki da ma'aunin da ake kira bolt, daga sunan Alessandro Volta na Italiya, wanda ya ƙago batir a 1800. Wutar gida a Nijeriya wajen bolt 230 ce. Amma tartsatsin da zai tsallake iska mai faɗin milimita ɗaya yana bukatar wajen bolt 3,000. Dalilin da ya sa bai kashe mutum ba shi ne, yawansa ɗan kaɗan ne ƙwarai, kuma nan take yake ƙarewa.

Dalilin Da Ya Sa Yake Ɓata Kwamfuta

A cikin kayan kwamfuta akwai waɗansu ƙananan makunnai da ake kira taransista, waɗanda aka ƙago a Amurka a 1947. A 1958 Jack Kilby ya sami dabarar haɗa irin waɗannan kaya a kan ɗan gutsure guda. Ƙwaƙwalwar kwamfuta ta farko da kamfanin Intel ya fitar a 1971 tana da taransista 2,300. Ta yau kuwa tana ɗauke da dubban miliyoyi a wurin da bai fi faɗin farcen babban yatsa ba. Sabo da haka hanyoyin wuta da ke cikinta sun fi silin gashi siranta sau dubbai, kuma wajen bolt ɗaya take aiki da shi.

To, ga inda haɗarin yake. Mutum ba ya jin tsikarin kwantaccen lantarki sai ya kai wajen bolt 3,000. Alhali kuwa bolt 100, ko ma ƙasa da haka, ya isa ya ɓata waɗansu daga cikin kayan nan. Ashe mutum yana iya kashe abu mai tsada da yatsansa bai ji kome ba, bai ga kome ba. Ɗan hakin da aka raina shi ke tsone ido.

Ɓarnar iri biyu ce. Ta farko ita ce wadda abin ke mutuwa nan take, a kunna kwamfuta ta ƙi tashi. Wannan da sauƙi, gama an san inda aka tsaya. Ta biyu ita ce mugu: tartsatsin ya raunana hanya bai yanke ta ba. Kwamfutar za ta tashi, a biya mai aiki ya tafi, sa'an nan bayan makonni ko watanni ta soma tsayawa ba dalili, ko ta mutu ana tsakiyar rubutu. A lokacin nan babu mai tuna ranar da aka buɗe ta, sai a ɗora laifi a kan mai sayarwa, ko a kan malamin da ke aiki da ita.

Hunturu

Wannan magana ta fi shafar ƙasashen Arewa bisa ga na kurmi, sabo da iska. Idan iska tana da laima, kamar da damina, akan sami ɗan danshi a kan ko wane abu, ta nan lantarkin ke zurarewa a hankali tun bai taru ba. Amma daga Nuwamba zuwa Maris, sa'ad da iskar hunturu ke busowa daga hamada, laimar iska da rana takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. A nan lantarki ba shi da mafita, sai ya yi ta taruwa.

Ma'aunin da masu wannan sana'a ke aiki da shi ya nuna bambancin a fili. Mutumin da ya yi tafiya a kan kafet cikin busasshiyar iska yana iya tara har bolt 35,000, amma cikin iska mai laima wajen 1,500 ne. Tafiya a kan ledar ɗaki tana kawo 12,000 a bushe, 250 a laima. Ɗaukar jakar leda daga kan tebur tana iya kawo 20,000 a bushe. Har wa yau hunturu ne ke cika kwamfuta da ƙura, watau lokacin da aka fi bukatar buɗe ta shi ne lokacin da buɗewar ta fi haɗari.

Shiri Kafin A Fara

Na farko, a kwafe dukan takardun da ke cikin kwamfuta a ajiye a wani wuri dabam kafin a kwance ko da sukuru ɗaya. Kayan da ya lalace ana sayen wani, amma bayanin iyakar gona da ya ɓace ba a samunsa a kasuwa.

Na biyu, a zaɓi wurin aiki. Ɗaki mai daɓen siminti ya fi mai kafet ko leda. Tebur ya zama na katako, a kawar da shimfiɗar roba da jakunkunan leda daga kansa. Da hunturu gara a yi aikin da sassafe, a kuma ɗan yayyafa ruwa a ƙasa kamar yadda ake yi kafin shara, amma kada ruwa ya kusanci tebur.

Na uku, tufafi. Mai aiki ya sa rigar auduga mara faɗin hannu. Ya tuɓe rigar sanyi ta ulu ko ta nailan, ya ajiye babbar riga, gama hannunta yakan share kaya ya zubar. Ya cire zobe da agogon ƙarfe.

Na huɗu, a kashe kwamfuta, a zare wayarta daga bango ɗungum, sa'an nan a danna makunninta na ɗan lokaci domin sauran wutar da ke ciki ta ƙare. Wannan domin ran mai aiki ne da kuma lafiyar kayan.

Na biyar, mai aiki ya daidaita kansa da akwatin kwamfutar. Asirin al'amarin ke nan: tartsatsi ba ya tsallaka sai tsakanin abubuwa biyu da ƙarfin lantarkinsu ya bambanta. Ana sayar da wani maɗauri na wuyan hannu mai waya, da ɗan baki a ƙarshenta wanda ake maƙalawa a jikin ƙarfen akwatin, inda babu fenti. Lalle ne maɗaurin ya taɓa fata, ba a bisa riga ba. A cikin wayarsa akwai ɗan abin da ke rage gudun wuta, domin lantarkin ya fita a hankali, kuma domin ya tsare mutum in ya taɓa wuta bisa kuskure. Sabo da haka kada kowa ya ɗaura wayar banza a hannu ya ce ta maye gurbinsa. Wanda ba shi da maɗaurin, ya dafa tsiraicin ƙarfen akwatin kafin ya ɗauki ko wane abu, ya kuma sake dafawa duk sa'ad da ya tashi ya dawo.

Yadda Ake Riƙe Kayan

Ko wane abu yana zuwa cikin jaka ta musamman mai launin azurfa, wadda ke tsare shi daga lantarki. A bar shi a ciki har lokacin sa shi ya yi. Abin da aka cire daga kwamfuta kuma a mai da shi cikin irin wannan jaka, kada a naɗe shi da ledar kasuwa.

Babban allo, wanda dukan sauran kaya ke hawa kansa, a riƙe shi ta gefe kamar yadda ake riƙe hoto. A ɗora shi a kan kwalinsa a yi aikin farko a nan. In za a sa shi cikin akwati, sai a tabbata an ɗaura 'yan ƙafafun ƙarfe da ke ɗaga shi, ko wanne daidai ramin sukuru. Ƙafa ɗaya da ta tsaya inda babu rami tana iya haɗa wuta ta ƙone allon.

Ƙwaƙwalwar tana cikin kayan da suka fi tsada, ita ce kuma ta fi bukatar haƙuri. Mazauninta yana da 'yan alluran ƙarfe masu laushi. Akwai irin da ke da 1,700. Yatsa ko bakin hannun riga ya isa ya lanƙwasa su. A kusurwa ɗaya akwai alama mai kusurwa uku. A daidaita ta da irinta a mazaunin, a sauke ƙwaƙwalwar a hankali ta zauna da kanta. In ta ƙi zama, to, an juya ta ne, a ɗaga a sake dubawa. Sa'an nan a ɗiga man da ke ɗauke zafi kamar ƙwayar wake a tsakiya, a ɗora abin sanyaya da fankarsa.

Sandunan tunani, waɗanda masu gyara ke kira ram, suna da haƙora masu launin zinariya a ƙasa. Kada a taɓa su, gama ban da lantarki, maiƙon yatsa ma yana hana su kama wuta sosai. Akwai tsaga a tsakanin haƙoran. A daidaita ta da tudun da ke cikin rami, a danna kai biyu har a ji ya kama.

Faifan ajiya irin na da yana da faranti a ciki mai juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya. Faɗuwa ɗaya daga tebur tana iya kashe shi da duk abin da ke cikinsa.

Na'urar da ke raba wuta kuwa, kada a buɗe ta ko kusa. Akwai kaya a cikinta da ke riƙe wuta mai ƙarfi bayan an zare waya, kuma tana iya kisa. In ta lalace a sake wata.

Game da ƙura, a fitar da kwamfuta waje a hura mata iska, ana riƙe da fanka da yatsa don kada ta yi gudun da ya fi ƙarfinta. Kada a goge kayan da tsumma ko burushin roba, domin guga ita ce uwar kwantaccen lantarki. Kada kuma a hura da baki, sabo da yawu.

Abin Da Ya Rataya A Wuyan Hakimi

Ba a ce hakimi ya zama makaniki ba, amma shi ne mai tsaron dukiyar ofis. Ya kamata ya hana kowa buɗe kwamfuta sai wanda aka san ya iya, gama ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Malami ya tsaya a wurin sa'ad da ake aiki, ya rubuta cikin littafi ranar da aka buɗe, da sunan wanda ya buɗe, da abin da aka cire ko aka sa, da lambarsa. A adana rasit da kwalaye da jakunkunan kayan. A kuma sa mai aikin wuta ya duba soket ɗin ofis, ya tabbata ƙafa ta uku, watau doguwar nan ta sama, an haɗa ta da ƙasa yadda ya kamata, gama akwai gine-gine da yawa da aka bar ta haka nan.

Akwai alamun da ake gane mai aikin kirki da su. Yana tambaya ko an kwafe takardu. Yana zare waya kafin ya kwance akwati. Yana riƙe kaya ta gefe, ba ya zuba su cikin aljihu, ba ya kuma tura abu da ƙarfi. Wanda ya ce ya shekara goma yana aiki bai taɓa jin tartsatsi ba, sai a tuna masa cewa wanda ke yin ɓarnar ba a jinsa.

Ana fata hakimai za su sa a karanta wa ma'aikatansu wannan takarda, a kuma ajiye ta kusa da kwamfutar ofis domin a duba kafin a buɗe ta, musamman in hunturu ya kama.