Daga shirinmu na kasuwa: me ya sa dikodar araha ke makancewa?

Wani mai gidan kallon ƙwallo a unguwar Zongo, a Wagadugu, ya aiko da kuka: ya sayi dikoda a kasuwar Sinkase, kan iyakar Togo, aka ce masa za ta buɗe tashoshin Canal+ ba biyan wata. Ana tsakiyar wasa, allo ya yi baƙi ƙirin.

To ga yadda abin yake. Hoton da ke saukowa daga tauraron ɗan'adam a hargitse yake zuwa, da gangan. Mabuɗin warware shi yana canzawa bayan 'yan daƙiƙu, kuma katin da ke cikin dikodarka ne ke fitar da sabon mabuɗi, muddin ka biya. Dikodar sata kuwa aron mabuɗi take yi ta intanet daga katin wani. Ran da kamfani ya gano wannan kati ya rufe shi, duk masu jingina da shi sun makance tare.

Ka taɓa ganin lambobi suna bayyana a allo lokacin ƙwallo? Shaidar kati ce, kamar tambarin da makiyayi ke yi wa saniyarsa. Da ita ake bin sawun mai rarraba hoto.

Saboda haka ɗan kasuwa, kafin ka zuba jarinka, tambayi mai kaya: mabuɗin na wa ne? In ya kama kame-kame, riƙe kuɗinka. Araha ba ta ado.