Motsa Jiki Na Rage Wa Masu Ciwon Daji Gajiya

Bisa al'ada, idan mutum ya kwanta ciwo akan hana shi ɗaga ko da tsinke. To, amma ga mai ciwon daji wanda ake ɗura wa maganin nan mai ƙarfi da likitoci ke kira kemoterafi, yawan kwanciya ƙara masa gajiya yake yi, domin kuwa tsokar jikinsa zubewa take yi.

Tun wajen ƙarshen shekarun 1980 masu bincike a Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka suka sa waɗansu mata masu ciwon dajin nono tuƙa keken motsa jiki sau uku a mako, alhali suna kan maganin. Ƙarfinsu ya ƙaru, tashin zuciya kuma ya yi sauƙi. A 2019 wani taron ƙwararru ya ba da shawarar minti 30, sau uku a mako. Tafiya da ɗan sauri ma ta wadatar, ba sai an je filin wasa ba.

Sai dai ranar da zazzaɓi ya zo, ko jini ya yi ƙasa ƙwarai, a dakata. Wanda kuwa ciwon ya taɓa ƙashinsa, ko maganin ya kashe masa tafin ƙafa har yana tangaɗi, lalle ya nemi iznin likitansa tukuna.