Madarar 'Yan Makaranta: Yadda Ake Gwada Rukuni Biyu

Sau da yawa ɗalibanmu sukan tambaya, "Malam, ina amfanin neman matsakaici in mun bar makaranta?" Bari mu amsa da wani abin da ya faru a ƙasar Sikotilan.

A shekara ta 1930, a yankin Lanarkshire, aka so a san ko shan madara yana ƙara wa 'yan makaranta girma. Aka ɗauki yara 20,000. Rabinsu aka riƙa ba su madara kullum har wata huɗu, sauran kuwa ba a ba su ba. Aka auna nauyi da tsayin kowane yaro da farko da kuma ƙarshe.

A irin wannan gwaji, mukan nemi matsakaicin ƙarin nauyi na kowane rukuni, mu ɗebe ƙarami daga babba. Amma ko da ba madara, da wuya rukuni biyu su zo daidai, gama yara ba su girma bai ɗaya. Saboda haka mukan fara da zaton cewa madara ba ta yin kome. Sa'an nan mu gwada ratar da muka samu da irin bambancin da ke tsakanin yara a cikin kowane rukuni, tare da yawansu. In lissafi ya nuna dace kaɗai ba zai kawo rata mai girman haka ba sai ƙasa da sau 5 cikin 100, sai mu yar da zaton nan. Mai wannan dabara shi ne William Gosset, wanda ya buga ta a 1908 da sunan "Student".

Shi ne kuma ya tona aibin gwajin madarar a 1931. An ba malamai izinin musanya yara tsakanin rukunan, kuma ga alama tausayi ya sa suka tura ramammu wajen madara. Tun kafin a fara, waɗanda ba a ba su madara ba sun fi nauyi da tsayi. Da haka rukunan suka daina zama sa'o'in juna, sakamakon kuma ya shiga shakka.

Mu malamai mun san irin wannan tausayi, ba kuwa mugun abu ba ne. Amma a gwaji, ƙuri'a ce ya kamata ta yi rabo. Ku da za ku shiga aikin jinya ko haɗa magani, in aka ce muku wani magani ya fi wani, ku fara tambaya: wa ya raba rukunan, ta yaya kuma?