Kafin a sayi sabuwar RAM, a fara duba gurbinta

Kwamfutar tafi-da-gidanka da ta kwana biyu, musamman 'yar gwanjo, takan wayi gari da matsala mai rikitarwa: a kunna ta fitila ta kama, fanka ta yi ta juyawa, amma fuskarta ta tsaya baƙi ƙirin. Wata kuwa takan tashi lafiya, sai dai gigabait 8 da aka san ta da shi ya koma 4. Da yawan masu gyara nan take za su ce RAM ta mutu, wasu ma su ce sai an canza madabod baki ɗaya. Sau da yawa laifin yana ga gurbin da ake soka RAM ɗin.

Gurbin na ɗauke da siraran haƙoran ƙarfe, 204 a samfurin DDR3, 260 a DDR4, kuma ɗaya tak ya daina taɓawa ya isa ya hana kwamfuta tashi. Ƙurar hunturu takan shiga tsakaninsu, laimar damina ta sa su dafewa. Mafi muni shi ne tsagewar dalmar da ta liƙe gurbin a jikin madabod, sakamakon zafi da sanyi na shekaru da kuma ɗabi'ar ɗaga kwamfuta da hannu ɗaya ta kusurwa.

Gano mai laifi ba ya cin ko kwabo. A zare caja da batir, a fito da RAM duka biyu, a goge bakinsu mai ruwan zinare da magogin fensir, a hure gurbin da iska. Sai a gwada RAM ɗaya a gurbin farko, sannan a na biyu. Idan matsalar ta bi RAM duk inda aka kai ta, ita ce ta lalace. Idan kowace RAM aka sa a gurbi ɗaya ta ƙi aiki, gurbin ne. Manhajar MemTest86 tana tabbatar da sakamakon.

Dabarar cusa takarda a bayan murfi don ta danne RAM takan yi aiki na ɗan lokaci, amma tana ƙara tanƙwara madabod. Sake narka dalmar sai gwani mai injin iska mai zafi. Ga ɗan kasuwar da lissafinsa ke cikin na'urar, hanya mafi sauƙi ita ce a bar mataccen gurbin, a sa RAM guda mai girma a mai lafiyar, bayan an tabbatar kwamfutar za ta ɗauki girman, kuma an bambance DDR3L mai bolt 1.35 da DDR3 mai 1.5.