Murhun gaz da hanyar hayaƙinsa

A ƙasar Kanada ana ɗari mai tsanani. A birnin Winifeg, cikin watan Janairu, sanyin dare yakan kai digiri 20 ƙasa da sifiri. Mutane suna rufe ƙofofi da tagogi ruf, su kunna wuta don su ji ɗumi. Gidaje da yawa suna da murhu mai aiki da gaz.

Wuta ba ta ci sai da iska. In iskar ba ta ishe ta ba, sai ta fitar da wata muguwar iska mai guba. Wannan iska ba ta da launi, ba ta da wari. Wanda ya shaƙe ta yakan ji ciwon kai da jiri, barci ya ɗauke shi, wani lokaci ba ya farkawa.

Saboda haka ake rufe fuskar murhun da gilashi, yadda wutar ba ta gamuwa da iskar ɗaki. Bayan murhun akwai tiyo biyu na ƙarfe, ƙarami cikin babba. Hayaƙi yana fita ta ƙaramin. Sabuwar iska daga waje tana shiga ta tsakaninsu, ta ciyar da wutar, ta kuma sanyaya babban tiyon.

Ba dole ne tiyon ya bi ta rufin gida ba. Ana iya huda bango a fitar da shi ta gefe. Amma aikin gwani ne, kuma yana da ƙa'idodi. Bangon gidajen can galibi na katako ne, shi ya sa ake sa wa hudar riga ta ƙarfe, don kada zafi ya taɓa katakon. Tiyon ba ya gangarawa: yana ɗan hawa sama wajen fita, domin hayaƙi sama yake nema. Bakinsa yana da hula mai tare ruwa da guguwa. Ana barin aƙalla santimetir 30 tsakaninsa da ƙasa, da kamar haka tsakaninsa da taga ko ƙofa, don kada hayaƙin ya komo ciki. In dusar ƙanƙara ta taru kusa, sai a kwashe ta.

Gilashin yana zafi ƙwarai. Tun shekarar 2015 ana sayar da sababbin murahun da raga a gaba, saboda yara. Ana kuma maƙala na'ura mai ƙara in ta ji gubar.

Garwashin gawayi ma yana fitar da wannan guba. Mai hankali ba ya kwana da kaskon wuta cikin rufaffen ɗaki.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin kowane tiyo?
2. Don me ake nisanta bakin tiyon daga taga?
3. Wace hanya mai kyau ce ta ɗumama ɗaki lokacin ɗari?