Makin Kimiyya da Shiga Karatun Likitan Gashi a Amurka

Wanda duk ya taɓa tsayawa a sashen gashi na asibiti, ya ga yadda likita ke riƙe gwiwar mai shanyewar ɓarin jiki, yana lanƙwasa ta sannu a hankali yana duban fuskarsa don ya gane inda zafi ya soma, lalle ya san wannan sana'a tana bukatar ilmi mai zurfi bayan tausayi. Saboda haka ne jami'o'in Amurka suka tsananta sharaɗin shigarta. A Nijeriya ɗalibi kan shiga fannin daga sakandare, kamar yadda ake yi a Jami'ar Bayero ta Kano, amma a Amurka yawanci sai ya kammala digiri na fari tukuna, sa'an nan ya nemi gurbin karatun shekara 3 da ake kira DPT, galibi ta hannun PTCAS, ofishin da ke tattara takardun masu nema tun 2008.

Darussan da aka wajabta masa kafin nan sun haɗa da ilmin sassan jiki da na aikin gaɓoɓi, da kemistiri, da fizikis, da ƙididdiga. Mizaninsu kuwa maki 4 ne: A huɗu, B uku, C biyu. Makarantu da dama sun sa 3.0 ya zama mafi ƙanƙantar abin da za su duba, alhali waɗanda ake ɗauka a haƙiƙa sukan kai wajen 3.5, kuma malamai sukan ware makin kimiyya daban daga jimillar makin digiri, domin A a darasin tarihi ba ta shaidar cewa mutum zai jure shekarar fari, inda za a sa shi gaban gawa ya bi kowace jijiya da tsoka har ya haddace sunanta da aikinta.

Akwai wata mas'ala da kan shammaci ɗalibai. Idan yaro ya sami C a fizikis, ya maimaita ya sami A, to PTCAS ba ta yafe na farin, duka biyun take lissafawa, sai su tashi B. Wasu makarantun ne kaɗai, bisa ga ƙa'idarsu, ke karɓar na ƙarshe. Haka nan wasu ba su amincewa da darasin da ya shekara 10, ko ma ƙasa da haka.

A ganina akwai adalci a cikin wannan tsari, ko da yake yana da tsauri ga wanda ya yi karatu yana aikin neman abinci. Irinsa abin da ke ceton sa shi ne malamai su ga makinsa na hauhawa a shekarun ƙarshe, tare da sa'o'in da ya shafe yana kallon aiki a asibiti, da wasiƙar shaida daga likitan gashin da ya zauna a ƙarƙashinsa.